Ba I Ba, Ba A'a Ba

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Ladi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Amin.

Na san za ki yi mamaki, muna gida ɗaya, muna ci a ƙwarya ɗaya, in rubuto miki wasiƙa. Ke 'yar fari ce, kin san halinmu, ko sunanki na yanka ba na kira, balle in zaunar da ke in buɗe miki cikina. Ko da babu wannan kunyar ma, ni bakina bai taɓa taimakona ba tun ina yarinya. Yanzu kin fita sallama da dangi, babanki yana kasuwa, ƙannenki sun bi masu yankan hatsi gona, gidan ya yi tsit, shi ne na samu damar zama. Hausar da za ki gani ta littattafan soyayyar Kano ce, a cikinsu na koyi rubuta ta, kada ki yi mini dariya.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har babanki. Ba rikicin gari ne ya dawo da ni daga Yamai ba. Guduwa na yi. Kuma ba buga takarda kaɗai na je koyo ba, kamar yadda kuka tashi kuna ji. Wannan abin da za ki je karantawa, wato rubuta wa ordinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa, umarni ta bi, shi na fara, a wata ƙaramar lakkol, makaranta mai zaman kanta, lokacin mulkin soja na wancan zamani, ina kusan shekarunki.

Abin da ya sa na fasa shirun shi ne makon jiya. Na kawo miki fura ƙarƙashin darbejiya, kina gaban na'urar nan da kawunki ya ara miki, kina karanta abin da kika rubuta a hankali da faransanci, kina cije leɓe. Na'urar tana ta maimaita miki tambaya ɗaya. Kika ba ta amsa, ta sake tambaya. Kika canja amsa, ta sake. Na tsaya a bayanki da ƙwaryar a hannuna, domin na san wannan tambayar, ta daɗe tana bina cikin mafarki. Na ajiye furar na wuce. Da yamma na ji kin ce wa babanki, "Baba, in na isa Yamai zan sake rajista in koma wani karatun. Wannan abin ba na masu kai irin nawa ba ne." Shi kuwa ya ce, "To, Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri." Ke da tun kina lise, ƙarshen sakandare, ba ki da zance sai wannan karatu. Ina tsoron kalma ɗaya ta kore ki kamar yadda ta kore ni.

Bari in faro miki daga kuskurena na farko.

Na'urori sun yi mana kaɗan, saboda haka mutum biyu ake haɗawa a kan ɗaya. Ni aka haɗa ni da wani saurayi ɗan birni, Isufu, dogo, mai agogo. Ni kuwa a lokacin akwatina rabi tufafi ne, rabi littattafai, na saye su ɗaya bayan ɗaya wurin wani ɗan koli a kasuwar Filinge, nan ƙasarmu ta Kurfai. Kaina cike yake da masoyan da ke haɗuwa a bakin famfo. Da aka zaunar da ni kusa da shi sai na ce a raina, to ga shafin farko an buɗe. Kullum ya kan ce, "Madmazel, ke za ki buga ko ni?" In sunkuyar da kai in ce, "Buga." Shi yana bugawa, ni ina kallon yatsunsa ina shirya abin da zai ce mini ranar da zai furta. Har sunan 'ya'ya na zaɓa. Bawan Allah bai taɓa ce mini komai ba banda wannan tambayar da kuma, wata rana, aron biro. In abin ya yi aiki sai in ji kamar ni ma na iya. Ashe kallon daka ba ya sa hannu kanta.

Ladi, ki buga da hannunki. Ko wanda aka haɗa ku ya fi ki sauri, ko kowa yana jira, ki ja kujera ki ce yau nawa ne. Kuskuren da yatsanki ya yi shi ne zai zauna miki. Littafi kuma ban hana ki ba, har yanzu ina da nawa a ƙarƙashin katifa, kin sani ai tunda kina sata. Amma ki bar shi a gida.

Na biyu ya fi ciwo. Malaminmu, Mushe muke ce masa kawai, mutum ne mai sauri, ya daɗe a ƙasar Turawa, alli ba ya minti a hannunsa bai karye ba. Ranar da ya koya mana kewaye, abin da suke kira bukul, wato sa na'ura ta yi ta maimaita aiki, farkon darasin ya shige ni sarai. Ai daka ce. Ki buga taɓarya, ki sa hannu ki duba, in bai yi laushi ba ki sake. Ya ce hanya biyu ake faɗar sa. Ko ki ce, yi ta daka har ya yi laushi. Ko ki ce, muddin bai yi laushi ba, ci gaba da daka. Aiki ɗaya ne, sai dai ta farko tana faɗin lokacin tsayawa, ta biyu tana faɗin lokacin ci gaba, shi ya sa in za ki juya ɗaya ta koma ɗaya sai kin sa mata "ba" gaba da baya. Har nan ina tare da shi. Da ya kawo sharaɗi biyu a haɗe ya ce mu juya su, sai hanya ta ɓace mini. Ya lura da fuskata, ya tsaya a gabana ya tambaya da faransanci, "Ba ki gane ba?"

Na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na ce, "Wi."

Kin san yadda muke yi a gida. In na ce miki, ba ki ci ba? ki ce i, na san ba ki ci ba, sai in zuba miki. Wannan i ɗin na ba shi. Su kuwa a nahawunsu wanda bai gane ba "non", wato a'a, yake cewa. Mushe ya ɗaga gira ya ce, "Wi me? Wi kin gane, ko wi ba ki gane ba?" Aji ya fashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Ta Kurfai ce, Mushe, i ɗinsu baki biyu gare shi." Na sunkuya na gyaɗa kai, ni kaina ban san me gyaɗawar take nufi ba. Ya ce madalla, ya koma tablo da allinsa. Daga ranar ban sake buɗe baki a ajin nan ba.

In an tambaye ki, kada ki amsa da kalma ɗaya. Ki faɗi jimlar duka: ban gane ba, daga nan zuwa nan. In sun yi dariya, dariya ba ta kwana. Ni na ɗauki dariyar minti ɗaya na yi mata ɗaki a zuciyata.

Sai ranar jarrabawa ta zo, kowa shi kaɗai a gaban na'ura, rukuni bayan rukuni. Aikin da aka ba mu shi ne naki na ƙarƙashin darbejiya: na'ura ta tambayi mutum i ko a'a, in ya buga wani shirme ta sake tambaya, har ya ba da ɗaya daga cikin biyun. Aka ce kuma da "muddin" za a rubuta. Na ce a raina, tsayawa ita ce amsa ta zama i ko a'a. To ci gaba fa? Sai na sa wa kowanne "ba" ɗinsa, na bar "ko" a inda na same ta. Na rubuta: muddin amsa ba i ba ce, ko ba a'a ba ce, sake tambaya. Na karanta, ya yi mini daɗi a kunne.

Na kunna. Ta tambaya, na ba ta i. Ta sake. Na ba ta a'a. Ta sake. Na buga da babban harafi, na buga da ƙarami. Tambayar tana ta sauka layi bayan layi har allon ya cika. Ban san maɓallin da ake tsayar da ita ba, Isufu ne ke dannawa kullum, ni ina kallon agogonsa. Ga Mushe yana tahowa daga farkon layi yana leƙa na kowa. Na duba ƙasa na ga wayar kuran, wato ta wutar lantarki, kusa da ƙafata. Na ce in na'urata ta mutu zan ce ita ta lalace. Na sa yatsan ƙafa na fizge.

Ashe layinmu gaba ɗaya a kan wayar nan yake. Na'urori suka mutu lokaci guda, da aikin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Wani ya ce, "Kuran ya tahi." Mushe ya ɗaga kai sama. Fanka tana ta juyawa abinta. Ya sauke ido yana bin fuskokinmu. Na miƙe na ce zan zaga bayi. Daga bayi na wuce ƙofa, daga ƙofa na wuce gidan gwaggona, ban ko ɗauki kayena, littafin da nake rubuta darasi, ba. Na kwanta na ce zazzaɓi. A cikin kwanakin nan gari ya rikice, sojoji suka cika tituna, 'yan makaranta suna yajin karatu, kakanki ya aiko a maido masa ɗiyarsa. Kowa ya ce kaico, rikici ya katse wa yarinya karatu. Na lulluɓa da wannan maganar har yau.

Ranar farko da za ki shiga aji, ki tambayi yadda ake tsayar da kewayen da ya ƙi tsayawa. Ki rubuta a tafin hannunki in ta kama. Kuma duk abin da ya rikice miki, na na'ura ko na rayuwa, kada ki taɓa waya. Ba ki san su wa ke rataye a kanta ba.

Da na dawo gida, kin san me na yi? Jira. A littattafaina yarinya ba ta yin komai, tana zaune a bakin taga har a zo neman ta. Na ce ko lakkol za ta aiko takarda, ko Isufu zai sauko daga motar Yamai ranar kasuwa yana tambayar gidanmu. Kowace safiya in tashi in duba, ba a zo ba, in sake jira. Damina ta wuce, wata ta zo. Mushe ya taɓa ce mana kewayen da ba abin da ke canjawa a cikinsa ba ya ƙarewa, dole kowane zagaye ya matsar da wani abu kusa da ƙofa. Na haddace wannan na rubuta a kaye da jan biro, amma ban ga cewa ni ce a ciki ba. Takarda ɗaya da na aika, ko na shiga mota na koma na ce Mushe ni ce, da wani abu ya motsa. Ba na kuka da aurena, babanki mutumin kirki ne, kuma ga ku. Amma in kin ga kanki kina yin abu ɗaya kullum kina sa ran sabon sakamako, ki tsaya ki tambayi kanki me kika canja tun jiya.

Amsar kuwa a cikin mota na same ta, shekaru bayan haka, kina goye a bayana, lokacin da soja suka sake karɓar mulki. Za mu biki Damana, aka tare mu a wani shinge. Wani soja matashi, Hausarsa ba ta nuna ba, ya leƙo ya ce, "Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa, ko ba shi da takardar haihuwa, shi sauka."

Muka dubi juna. Ni kati gare ni, ba takardar haihuwa. Ta kusa da ni takarda gare ta, ba kati. Muka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, har direba. Sojan ya ja da baya ya ce, "Mi ya faru? Duk ba ku da komi?"

Wata tsohuwa mai tallar kuka ta ce, "Ɗana, kai ka ce ko. Kowa nan da guda ya fito. In ko ɗinka za a bi, sai dai ka tuƙa motar kai kaɗai."

Direba ya ce, "Iya, ki bar shi, ni ma na gaji, shi kai ku."

Babbansu ya taso daga inuwa yana dariya ya ce, "Guda ta isa. Wanda ba shi da kati, kuma ba shi da takarda, shi muke nema. Ku koma."

Mutane suna hawa suna tsokanar tsohuwa, ni kuwa na daskare a bakin titi. Kuma. Ba ko ba. Sai da direba ya ce, "Mai goyo, a nan za ki kwana?"

Ki bi ni a hankali, Ladi. In kin ce muddin amsa ba i ba ce ko ba a'a ba ce, rabi ɗaya ya isa ya riƙe ki a ciki. Ki ba ta i: ai i ba a'a ba ce, rabin na biyu ya tabbata, ta sake tambaya. Ki ba ta a'a: ai a'a ba i ba ce, rabin farko ya tabbata, ta sake. A mota ana iya samun mai takardu biyu ya tsira, amma amsa ɗaya ba ta zama i ta zama a'a lokaci guda, don haka ƙofar ba ta buɗuwa har abada. Na'urar ba ta tsane ni ba, abin da na ce mata take yi da gaskiya. In "ba" ta shiga kan abu biyu, "ko" takan koma "kuma", "kuma" takan koma "ko". A taki na'urar, ƙaramar kalmar nan ta ingilishi mai harafi biyu da ke tsakiyar layin, mai nufin "ko", ita za ki cire, ki sa 'yar'uwarta mai harafi uku, mai nufin "kuma". In kin yi shakka a gaba, kada ki dogara da daɗin jimla a kunne. Ki ɗauki amsa ɗaya ki bi da ita ƙofa ƙofa da yatsa, kamar ke ce na'urar.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi damuna. Kin tuna Madam Fati, matar ma'aikacin gona da aka taɓa kawowa nan, wadda ke ba ki alewa? Ajinmu ɗaya. Mun haɗu a wani suna, ta rungume ni tana cewa, "Ta Kurfai, ashe kina duniya." Hira ta kai mu ga Mushe. Na ce mata, "Ku dai kun ji daɗi, kun gane abin."

Ta ce, "Wa ya gane? Ni haddacewa na yi kamar karatun allo. Da kika ce wi ɗin nan, addu'a nake ya sake bayani, sai kika gyaɗa kai kika kashe mu." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kin tuna ranar da wani ya taka waya? Allah shi yi masa albarka. Mushe ya sake mana jarrabawar bayan rikici, ya zauna ya warware mana abin tun daga tushe. Ke ce kawai ba ki dawo ba."

Na yi dariya tare da ita. Da na koma gida na shiga ɗaki na rufe.

Ni a lissafina hali biyu ne kawai: ko kowa ya gane, ko ba wanda ya gane. Da na ga Isufu ya gane, sai na yanke cewa kowa ya gane, ni kaɗai ce jakar aji. Alhali kishiyar "kowa ya gane" ita ce "akwai wanda bai gane ba", kuma wannan wanda ɗin yana iya zama rabin aji, kowa ya sunkuyar da kai yana zaton shi kaɗai ne. Haka kishiyar "na iya duka" ba "ban iya komai ba" ce. Abu ɗaya ne ya tsaya miki, ke kuma kika yanke wa kanki gaba ɗaya hukunci a gaban babanki. In kin je kin gwada kin ga ranki ba ya son karatun, ki canja, ba zan ce komai ba. Amma kada ki bar shi a kan cewa kanki bai kai ba. Wannan ƙarya ce, na san ta, na goya ta ta fi ki daɗewa a bayana.

Hanya kuma, kin san yadda ta zama yanzu, ba sai na faɗa ba. Ki shiga motar safe. Katinki ya zauna a jikinki, ba cikin jaka ba. In an tsayar da ku, ki amsa abin da aka tambaye ki da cikakkiyar magana, ki yi shiru. Ki kira babanki in kun wuce Bonkuku, ki sake kira a Balleyara, zan kasance kusa da shi ko da na yi kamar ina tankaɗe. Ki gaishe da gwaggonki Hajo, ki taya ta aiki ba sai ta ce ba. Kada ki bar sallah. Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya sake miki harshe, ya sa ki fi ni. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiya duka. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini shirun makon jiya.

Innarki.

Na so in cusa takardar nan a ƙasan jakarki, tsakanin garin kuka da zannuwa. Sai na tuna ba za ki kai ƙasan jakar ba sai kin riga kin je wurin rajista. Kuma akwai gaskiyar da ban faɗa ba: amsar nan ban taɓa gwada ta a na'ura ba. A kaina kawai take tun bakin shingen nan, ina juya ta ina wanke-wanke. Mai yiwuwa na yi kuskure, wannan ma yana ba ni tsoro. Ga muryarki can a zaure kina gaisawa da maƙwabta. Zan miƙa miki da hannuna, in zauna a kan turmi har ki gama karantawa. In kin gama, ki ɗauko na'urar ki matsa mini a tabarma. Ni zan buga.